Ranar da Malama Uwani ta miƙa wa uba alli

An ce wai a wani gari da ke bakin gulbi an yi wata makarantar kuɗi ta wani dattijo, Alhaji Sambo. Shi ya gina ta, amma da yake bai yi karatun boko ba, sai ya riƙa ɗaukar masu riƙe masa ita. Maza sun riƙe sun bari, har aka zo kan wata mata, Malama Uwani, wadda ta daɗe tana koyarwa a nan. Mace ce mai sanyin magana, ba a taɓa jin muryarta daga waje in tana cikin aji ba.

To, akwai wani abu da ake yi a makarantar tun kafin ta hau, wanda kowa ya sani amma ba mai kiran sa da sunansa na gaskiya. In lokacin babbar jarrabawar fita ya zo, sai a lallaɓa a tura malami cikin aji ya rubuta wa yara amsa a allo, su kwafa, a goge. Taimako ake ce masa. Saboda wannan taimakon ne ma iyaye da yawa suke kawo 'ya'yansu.

Da Malama Uwani ta karɓi shugabanci, sai ta ce bana ba za a yi ba.

Maganar ba ta kwana ba sai da ta zagaye gari. Iyaye maza suka taru a rumfar makaranta, suka sa wani mai sayar da tayar mota, Alhaji Gambo, ya yi magana a madadinsu, don shi ne mai baki a cikinsu, kuma 'yarsa Balaraba tana cikin masu fita a shekarar.

Ya ce, "Malama, ba faɗa ya kawo mu ba. Da aka ce mana mace aka ba makarantar nan, murna muka yi, muka ce uwa ce, za ta fi jin tausayin yara. Ashe mazan ma sun fi ki taushin zuciya. Makarantar ƙetaren gulbi tana yi, kowa yana yi. Ke kaɗai ce kika san Allah?"

Aka yi dariya. Malama Uwani ba ta yi ba. Ta ce su ba ta lokaci ta yi tunani.

Da suka watse, Alhaji Sambo ya kira ta gefe. Ya ce, "Malama, ni na zaɓe ki, kuma mutane sun zage ni a kan haka. In mutanen nan suka kwashe 'ya'yansu suka kai ƙetare, makarantar nan ta zama kango. Ban ce gaskiyarki ba gaskiya ba ce. Amma ko ki sassauta, ko in nemo wani in ba shi kujerar, kuma kin san abin da za a ce: an gwada mace ta kasa. Bayanki ba za a sake ba wata ba, ko a nan ko a wani wuri a garin nan."

Ta ce, "Na ji, Baba Alhaji."

Abin ya tsaya mata. In ta yarda, ta rushe abin da ta yi shekaru tana faɗa wa yara. In ta ƙi, za a cire ta, wanda zai zo kuma zai yi abin da ta ƙi, sannan ta rufe wa matan da ke bayanta ƙofa.

Da aka sake taruwa, ta miƙe a gaban iyaye da malamai, ta ce, "Na yi tunani. Na yarda, za a rubuta wa yara amsa."

Malamin lissafi, Malam Shu'aibu, wanda shi ake turawa a da, kuma ya yi ta godiya ga Allah da aka sauke masa wannan kaya, ya dafe kai ya ce, "Innalillahi! Malama, ke ma?" Wata malama ta rufe baki da gefen hijabinta. Su kansu iyayen sai da suka dubi juna, don da shirin gardama suka zo.

Ta ɗaga hannu ta ce, "Ban gama ba. Malaman nan kullum suna tsayawa a gaban 'ya'yanku suna ce musu kada su ɗauki abin da ba nasu ba. Ba zan sa su su ƙaryata kansu ba. Amma ku ne masu 'ya'ya, kun fi mu iko da su. Duk uban da yake son a rubuta wa ɗansa amsa, ya zo da kansa. Ni zan ba shi takardar amsar, ni zan ba shi alli, ya shiga ajin ɗansa ya rubuta. Akwai jarrabawar gwaji da muke yi kafin babbar. Sai a fara da ita, hannunku ya saba."

Nan fa aka fara gyaran murya. Wani ya ce shi idonsa ba ya gani sosai. Wani ya ce ranar yana da kasuwar ƙauye, alhali ba a ma faɗi ranar ba. Wani ya ce rubutunsa ko shi ba ya iya karantawa.

Alhaji Gambo ya dube su da takaici ya ce, "Ku ji mazan banza! Alli ne ya ba ku tsoro? Malama, in wannan ne kawai, ni zan zo. Zan rubuta wa kowa da kowa."

Shi Alhaji Gambo ba mugun mutum ba ne. Balaraba 'yarsa ta fari ce, kuma irin mutanen nan ne masu riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce yarinyar nan. Ba ya zama hira da ita, bai taɓa ce mata kawo littafinki in gani ba. Yana son ta ƙwarai, kuma tsoro yake ji kada ta faɗi a yi mata dariya. Sai dai bai san ko tana da ƙoƙari ko ba ta da shi ba, don bai taɓa tambaya ba.

Ranar gwaji da safe ya iso cikin babbar riga, yana ƙamshin turare. Iyayen da suka ce suna da uzuri duk suka hallara, suka cika tagogin ajin suna leƙe. Alhaji Sambo ma ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa. An riga an raba wa yara takardun tambayoyin lissafi.

Malama Uwani ta shiga, Alhaji Gambo yana biye. Ta ce, "Yara, ga baƙo mun yi. Wannan mahaifin Balaraba ne. Yana ganin ba za ku iya jarrabawar nan ba, shi ya sa ya zo ya rubuta muku amsa ku kwafa. Abin nan da muke ce muku sata ce, yau shi ya kawo muku da kansa. Ku tashi ku gaishe shi."

Yaran suka miƙe gaba ɗaya kamar yadda aka koya musu, suka haɗa baki suka ce, "Barka da zuwa, Baba!"

Wani daga taga ya ce, "Subhanallahi."

Fuskar Alhaji Gambo ta canza. Ya matso kusa da ita ya ce a hankali, "Haba Malama, ai ba haka za ki faɗa ba."

Ta ce, "To Alhaji, ga su nan. Gaya musu sunan abin da bakinka."

Ya buɗe baki zai ce taimako, sai ya ga idanun yaran duk a kansa, kalmar ta ƙi fita. Amma da yake ya riga ya cika baki a gaban maza, sai ya karɓi takardar da allin, ya juya ya fuskanci allo, ya fara rubuta amsar tambayar farko. Yana rubutu yana kasa kunne ya ji motsin alƙalami a bayansa. Bai ji komai ba. Ba yaron da ya taɓa takardarsa.

Can sai aka ji wata murya daga tsakiyar aji ta ce, "Baba."

Hannunsa ya tsaya. Balaraba ce, yarinyar da a gida ba ta yi masa magana sai ta durƙusa, kanta a ƙasa. Ga ta a tsaye a gaban jama'a, hawaye na zuba.

Ta ce, "Baba, don Allah ka bari. Wannan na iya shi. Tun bara nake tashi da asuba ina yi. In ka rubuta, ko na ci za a ce kai ka ci mini."

Mutanen da ke taga suka kasa ko motsi. Ba su taɓa ganin 'ya ta tsayar da ubanta a bainar jama'a ba, kuma ba wanda ya iya cewa ta yi rashin kunya. Alhaji Gambo ya tsaya da alli a hannu, zufa ta jiƙa masa wuyan riga, ya rasa inda zai sa idonsa.

Malama Uwani ta ce a hankali, "Alhaji, ba ta allin mana."

Ya miƙa ba tare da ya dube ta ba. Yarinyar ta zo ta goge abin da ya fara, ta yi lissafin tun daga farko har ta kai ƙarshe. Ya dubi allo, ya dubi takardar da ke hannunsa, ya sake duban allo. Daidai suke.

Ya juya ga Malam Shu'aibu da ke tsaye a gefe, ya ce, "Malam, da ma ta iya haka?"

Malam Shu'aibu ya ce, "Alhaji, ai ita ke koya wa 'yan bencinta."

Alhaji Gambo ya naɗe takardar amsar ya mayar wa Malama Uwani. Ya fita, ya tarar da mazan sun dare masa hanya. Wani ya ce, "To Alhaji, mu namu fa da ba su iya ba?"

Ya ce, "Ka tambayi naka ne ya ce maka bai iya ba? Ga alli can, shiga ka rubuta masa. Ni dai na gama."

Ba wanda ya shiga.

Ba za a ce kowa ya ji daɗi ba. Wasu sun kwashe 'ya'yansu sun kai ƙetaren gulbi, kuma da aka yi babbar jarrabawa ba duka yaran suka ci ba. Amma mafi yawan iyaye sun bar nasu, don bayan abin da aka gani a tagar nan, ba uban da ya sake iya buɗe baki ya nemi taimako. Alhaji Sambo ya tsayar da Malama Uwani a bakin ofis, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Wallahi sai da gabana ya faɗi. In da yarinyar nan ba ta tashi ba fa?"

Ta ce, "Ni ma nawa ya faɗi, Baba Alhaji. Ban san za ta tashi ba. Abin da na sani kawai, ba uban da zai iya kaiwa ƙarshen allon nan 'yarsa tana kallon bayansa."

Ya girgiza kai ya ce, "Riƙe kujerarki, Malama." Ta riƙe ta har ta tsufa, kuma da ta sauka, mace aka sake ba.

Shi ya sa masu ba da wannan labari suke cewa, duk abin da mutum ba zai iya yi da hannunsa a gaban ɗansa ba, kada ya nemi wani ya yi masa shi a bayan idonsa.