Sakatar Ɗakin Hadda

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, kafinta ne. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba sunan nake so ku tafi da shi gida ba. Mai Ƙofa ake ce masa, saboda duk cikin aikin katako ƙofa ce ta karɓi hannunsa. Idan ya yi maka ƙyaure, sai dai ginin ya zube ya bar shi tsaye. Ba ya kuka, ba ya kumbura da damina. Ka tura sakata ka ji ta shige ƙas, kamar a wurin aka halicce ta.

Ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba ne, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba. Sahun farko kullum yana nan. Shi ne ma shugaban kwamitin masallacin unguwa da makarantar da ke jikinsa. Lokacin da ake ginin makarantar nan da kansa ya ɗauki bulo, ya yi bencuna, ya buga rufi, bai karɓi ko sannu ba. Idan aka yabi makarantar a gabansa sai ka ga fuskarsa ta washe kamar an yabi ɗan cikinsa. To, ta nan Shaiɗan ya shigo masa. Ai ba kullum ta hanyar abin ƙi yake zuwa ba, wani lokaci abin da kake so yake riƙowa ya zo da shi.

A makarantar akwai wani malami da ake kira Mai Murya. Idan ya ja karatu, tsofaffi hawaye suke yi. Saboda shi iyaye ke kawo 'ya'yansu daga unguwanni masu nisa. Tsarin makarantar shi ne, yara su yi karatu tare a babban aji, amma jin hadda ɗaya bayan ɗaya ake yi, a wani ɗan ɗaki da ke bayan ajin, wai don kada hayaniya ta rikita mai kawo hadda. Ƙyauren ɗakin nan Mai Ƙofa ne ya yi shi sadaka. Ya sa masa sakata ta ciki, mai kyau, irin tasa.

Wata safiya yana shago yana yankan katako, sai ga wata mai ɗinki, bazawara, 'yarta na makarantar. Ta tsaya cikin garin katako har ya rufe mata takalmi, ta jira mai sayen kujera ya tafi. Sannan ta faɗa masa abin da malamin ke yi wa 'yarta idan ya tura sakatar nan. Bakina ba zai maimaita ba, 'ya'yana. Ku dai sani abu ne da ba a yi wa yaro.

Ta ce, "Baba Shugaba, ban zo tonon silili ba. Yarinyata ta daina cin abinci, in ta ga jakar makaranta sai ta kama rawar jiki. Ku kai shi inda ya dace. In kuma ba za ku iya ba, to don Allah ko ƙyauren nan a cire. Kai ka sa shi. Kafin shayinka ya huce ka gama cirewa."

Kada ku ce bai yarda da ita ba. Ya yarda. Ya dubi idonta ya san ba ƙarya take yi ba. Har ya kai hannu kan gudumarsa. Sai wani tunani ya zo masa: in aka wayi gari ɗakin hadda babu ƙyaure, ai mutane za su tambayi dalili. In suka tambaya, me za a ce? Ya janye hannunsa. Ya ce mata, "Ki je gida, 'yata. Manya za su zauna."

Manya suka zauna, su da liman, a ofishin makaranta, aka rufe taga. Wani dattijo a cikinsu ya ce a kai maganar ga hukuma. Nan take aka taso masa. Wannan ya ce maƙiya addini za su samu abin dariya. Wancan ya ce in Mai Murya ya tafi da abin kunya, rabin yaran sun tafi. Aka kira malamin, ya yi kuka, ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya rantse ba zai sake ba. Duk zaman nan babu wanda ya tambayi yadda yarinyar ta kwana.

Suka yanke shawara a mayar da shi sabon reshen makarantar da aka buɗe a ɗaya gefen gari, a ce ƙarin girma ne. Mai Ƙofa aka aika ya rarrashi mai ɗinki. Ya ce mata ta yi haƙuri, ta bar wa Allah, ta tuna 'yarta mace ce, in magana ta fita wa zai dube ta gobe? Ta ci gaba da taka kekenta. Ba a jima ba raɗe-raɗi ya zaga cewa wata bazawara ta yi wa bawan Allah ƙazafi. Mata suka kwashe ɗinkinsu daga wurinta. Mai Ƙofa ya ji maganar a bakin mutane, a shagonsa ma aka yi ta, bai ce a'a ba.

Ranar sallamar malamin aka tara iyaye a farfajiyar makaranta. Aka miƙa wa Mai Ƙofa lasifika. Ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Ni shaida ne, ban san wannan bawan Allah da komai ba sai alheri."

Ya 'yan uwa, kun ji girman wannan kalma? Ba ƙaryar tsoro ba ce ta wanda aka ritsa. Shaida ce, ya miƙa ta ga iyaye, su kuma suka ɗora 'ya'yansu a kanta.

Da aka raka malamin sabon reshe, ya zagaya ya duba ɗakuna, sai ya yi murmushi ya ce a gaban kowa, "Shugaba, ɗakin hadda na nan babu ƙyaure fa. Ka san hayaniyar yara." Mai Ƙofa ya so ya ƙi. To amma wanda ya ba da shaida jiya, da wane baki zai ƙi yau? Ya gaya wa kansa ai mutumin ya tuba, ai da idonsa ya ga hawayen. Ya koma shago ya yi ƙyauren. Har da sakata.

Yanzu ku saurara da kyau. Mai Ƙofa yana da 'ya, Auta, tana aure kusa da wannan sabon reshe. Tana da yarinya mai bakin tsiya, kakanta ke ce mata Aku. In ta zo shago ba ta barin kowa ya yi magana. Ta hau benci ta ce, "Tsoho mai warin katako, yau ma ba ka taje gemun nan ba? Ga rabin kujera a ciki." Shi kuma ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Duk duniya ba shi da abin so kamarta.

Wata rana Auta ta shigo shagon da fara'a, liman na zaune, ga masu sayen kaya. Ta ce, "Baba, albishirinka. Na samar wa Aku gurbi a ajin Mai Murya. Tun ranar da na ji shaidar da ka yi masa na ce babu wanda zai koyar da 'yata sai shi."

Zarto ya tsaya a hannunsa. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mai Ƙofa ya ce, "Wurin bai yi mata nisa ba?"

Auta ta yi dariya. "Haba Baba, daga tsakar gidana nake jin karatunsu."

Ga mutane, ga liman, ga shaidarsa tsaye a gabansa. Ya ce, "To, Allah ya yi albarka."

Ya ƙudurta zai gaya mata in sun keɓe. Sun keɓe ba sau ɗaya ba. Amma duk lokacin da ya buɗe baki sai ya ji tambayar da za ta biyo baya: Baba, tun yaushe ka sani? Sai ya koma zancen tsadar katako. Daga ƙarshe ya samo dabarar da yake ganin ta raba gardama. Ya je sabon reshe, ya ja Mai Murya gefe, ya rage murya ya ce, "Waccan mai surutun, jikata ce." Malamin ya ce, "Haba Shugaba, ai tawa ce."

Ku dubi wannan, don Allah. Jikarsa kaɗai ya je ya yi wa shinge. 'Ya'yan sauran mutane fa, ba iyaye ne suka haife su ba? Kuma shingen ma bai tsare komai ba. Abin da azzalumin ya fahimta shi ne, wanda ya rufe sau ɗaya dole ya sake rufewa, tunda in asiri ya tonu har da shi.

Aku ta fara yin shiru. A zo shago ta maƙale jikin uwarta. Kakanta ya tura mata gemu ya ce, "Yau ba za a zage ni ba?" Ta kawar da kai. Auta ta ce ko girma ne ya fara zuwa. Shi kuwa ya koma kan zartonsa.

Rannan da hantsi suna shago, yana gwada wani sabon ƙyaure da aka yi odarsa. Ya tura sakata, ta shige ƙas. Yarinyar nan ta kurma ihu, ta faɗa ƙarƙashin benci ta toshe kunnuwa, tana cewa, "Kada a rufe, na iya haddata, kada a rufe!"

Auta ta durƙusa ta janyo ta, tana tambaya, "Wa zai rufe? Me ya faru?" Sai ta ɗaga kai ta dubi ubanta. Yana tsaye, hannunsa na kan sakata, hawaye na bin gemunsa. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Baba, kowa a shagon nan ya tambayi abin da ya same ta. Kai kaɗai ba ka tambaya ba."

Ta goya 'yarta, babbar yarinya, ta fita.

Ba gida ta nufa ba, wurin mai ɗinki ta je. Ita ma tana cikin waɗanda suka kwashe ɗinkinsu a da. Ta durƙusa ta nemi gafara. Mai ɗinki ta ɗaga ta, ta ɗauki mayafinta, ta ce, "Tashi mu je, dama rashin ta biyu ne ya zaunar da ni." Suka kai yaran asibiti, suka wuce wurin 'yan sanda. Da maganar ta fita, wasu iyayen suka fito, na tsohuwar makaranta da na sabuwa, kowa da abin da ya haɗiye.

Aka kama Mai Murya, aka ɗaure shi. Aka kira 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya gaban alƙali. Aka tambayi Mai Ƙofa, "Wa ya yi ƙyaure na biyu?" Ya ce shi ne. "A lokacin ka sani?" Ya ce ya sani. Ya sha nasa hukuncin. Aka sauke liman, aka rushe kwamiti, aka rufe makarantar na wani lokaci. Sunan da ya sayar da yara don ya tsare, da hannunsa ya zubar da shi. Da iyaye suka sake buɗe ta, sai suka sa iyaye mata a kwamiti, suka ce hadda a fili za a riƙa ji, inda kowa ke gani. Kuma makarantar ba ta mutu ba, 'ya'yana. Ta cika fiye da da.

Da Mai Ƙofa ya gama hukuncinsa ya dawo, babu mai sayen ƙofarsa. Wa zai kwana bayan sakatar da ya san labarinta? Shago ya cika da ƙyamare a jingine, ƙura ta rufe su. Amma ba wannan ne ya karya shi ba.

Ƙofar gidan Auta shi ya yi ta lokacin da ta tare, da katakon da ya fi kowane kyau a shagonsa. Yana zuwa ya tsaya a gabanta ya ƙwanƙwasa. Ya ce, "Auta, ni ne, babanki." Daga ciki ta ce, "Na san ko wane ne." Wani lokaci yana jiyo muryar Aku, ta fara dawowa kaɗan kaɗan, tana yi wa wani tsiya, ba shi ba. Ya shafa katakon, ya san kowace ƙusa da ke jikinsa. Ya fi kowa sanin ba a buɗe ƙofar nan ta waje.

Ya 'yan uwa, me ya halaka wannan mutum? Bai taɓa yaro da hannunsa ba. Shirunsa ne, da shaidarsa, da ƙyaurensa. Ya ɗauka makaranta ita ce addini, malami shi ne addini. A'a. Addinin Allah ba ya buƙatar ƙaryarmu kafin ya tsaya. Rufa wa mai laifi asiri da aka hore mu da shi, na wanda ya cuci kansa ne tsakaninsa da Ubangijinsa. Wanda ke cutar da 'ya'yan mutane kuwa, rufa masa tarayya ce a cikin laifin.

Ku masu riƙe da masallatai da makarantu, amana aka ba ku, kuma yaran ne amanar, ba suna ba. Mai laifi ba a canja masa wuri, hukuma ake kai wa, komai daɗin muryarsa. Ku kuma iyaye, in yaro mai surutu ya yi shiru, ku tambaya. In ya faɗa, ku saurara. In wata uwa ta fito da kukanta, kada ku kwashe ɗinkinku, ku ɗauki mayafi ku raka ta. Duk ɗakin da babba ke keɓewa da yaro, ku je ku duba ƙofarsa yau, kada ku bari sai gobe.

Allah ya warkar da zukatan yaran da aka cuta, ya share hawayen iyayensu. Allah ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya ko a kan wanda muke girmamawa ne. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, kada ya sa mu zama ƙyaure ga azzalumi. Amin.