Motar Inna Onah

An yi wani mutum a nan ƙauyenmu, can saman gonakin shayi. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma wasunku sun sha gaisawa da shi.

Ya 'yan uwa, mutumin nan Allah ya ba shi hannu. Ba bakanike ba ne, aikinsa a ofis yake a cikin garin Garut, amma in ya dawo gida ya kama sifana, injin da ya shekara goma a mace sai ya tashi. Ya yi rumfar kwano a gefen gidansu, nan ce garejinsa. Wannan kam ba laifi ba ne.

Mahaifinsa ya rasu ya bar wata tsohuwar mota mai faɗi, mai tsayi daga ƙasa, irin wadda ke hawa hanyarmu ba ta ko tari. Kafin ya cika, ya tara 'ya'yansa biyu, shi da yayarsa Kokom, ya ce musu, "Motar nan ta uwarku ce. Zuciyarta ba lafiya. Ku bar motar yadda take, don ranar da za a nemi asibiti da gaggawa."

Suka ce sun ji.

Shekara ba ta zagayo ba mutumin nan ya shiga ƙungiyar masu yi wa tsofaffin motoci kwalliya. Duk Lahadi suna haɗuwa a wani fili a birnin Bandung. Suna da wata al'ada: a tsayar da kwalin sigari a ƙasa, a tura shi ƙarƙashin mota. In ya wuce, an yi maka dariya. In ya tokare, kai ne gwani.

Ranar farko da ya kai motar mahaifinsa, wani ya leƙa ƙasanta ya ce, "Maigida, wannan mota ce ko rumbu? Ai akuya ma sai ta shige da ƙahonta!"

Aka fashe da dariya. Shi ma ya yi, amma abin ya zauna masa a rai.

Ya dawo gida ya ɗaga motar a kan jak. Ya yanke sifirin ƙafafunta don ta yi ƙasa. Ya yanke rufin ya rage masa tsayi. Ya cire kujerar baya, ya like ƙofofin baya da walda. Ya sa mata wani ƙaton inji, ya cire salansa, ya fesa mata jan fenti. In ya tada ta, kajin unguwa sai sun watse.

Akwai wani tsohon direba maƙwabcinsu, Baba Tatang, mai a-kori-kurar da ke kai kabeji kasuwa. Ya tsaya a bakin rumfar yana kallo, ya ce, "Yaro, ka tuna da gadarmu kuwa? Tana da doro a tsakiya. Wannan abin naka da ciki zai hau ta."

"Baba, ku dai ku tsaya a kabejinku. Wannan ilimi ne."

"To, Allah ya ba ilimi sa'a."

Kun san gadar. Ita kaɗai ce hanyar fita daga ƙauyen nan, faɗin mota ɗaya. Tun daga lokacin, in zai fita sai ya shimfiɗa katako, abokansa biyu suna durƙushe suna cewa "taho, taho, tsaya." Rabin awa ake yi kafin a haye. Ya ga wannan da idonsa, duk mako. Ba a ce bai sani ba.

Ita kuwa Inna Onah, mahaifiyarsa, ta koma zuwa ganin likita a bayan babur ɗin Kokom, tana riƙe da ƙugunta, a rana da ruwa. Kokom ta yi masa magana har ta gaji.

"Ƙanina, ba ka jin kunya? Motar Inna tana rumfa an lulluɓe ta da bargo, Inna tana kan babur ruwa na dukanta."

Sai tsohuwar ta ce, "Ƙyale shi, Kokom. Abin da yake so ke nan."

Ya 'yan uwa, uwa ta yi shiru, shi ke nan ta yafe? Ko dai ba ta son ta ɓata wa ɗanta rai ne kawai?

Ya ci gasar ƙungiyarsu kuwa. Kwalin sigari ya tokare, aka tafa masa, aka ɗauke shi hoto. Ya kawo kofin da aka ba shi ya ajiye a falo, a gefen hoton mahaifinsa.

Wata Asabar bayan la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Inna Onah tana soya ayaba a kicin sai ta dafe ƙirji ta sulale. Numfashinta yana fita da ƙyar. Kokom ta fita da gudu tana kiran mutane. Baba Tatang ya ce, "Motata cike take da kabeji. Ku ba ni minti biyar mu zubar, a kwantar da ita a baya."

Mutumin nan ya ce, "Uwata a motar kabeji? Tawa ta fi gudu sau uku."

"Gadar fa?"

"Da gudu zan haye ta."

Ya cusa mahaifiyarsa a kujerar gaba, a naɗe, don rufin ya yi ƙasa ba ta iya miƙewa. Babu wurin Kokom, sai ta bi su a babur. Ya taka mota.

Da ya hau doron gadar, sai aka ji ƙara kamar an fasa tukunya. Cikin motar ya daki kankare, kwanon baƙin mai ya fashe, man ya malale cikin rafi. Motar ta zauna a kan cikinta, tayoyin baya suna juyawa a iska. Ba gaba, ba baya. Ga a-kori-kurar Baba Tatang ta iso a bayanta, an zubar da kabejin, an shimfiɗa katifa, amma ba hanyar wucewa.

Maza suka sa itacen gora suna ɗagawa, ruwa na zuba, ƙafa na zamewa a kan mai. Da aka ga abin ba zai yiwu ba, aka zaro tsohuwar, aka sa ta a cikin zani, aka rataya a gora, mutum biyu suka saɓa a kafaɗa. Haka aka gangara da ita a ƙafa, Kokom na riƙe da hannunta. Shi kuwa ya tsaya a kan gada, yana leƙen ƙasan mota.

Ba su kai bakin titi ba ta cika.

Sai bayan magariba aka janye motar.

A zaman makoki, rana ta uku, 'yan ƙungiyarsu biyu suka zo. Suka sha shayi, suka ci shinkafa. Da za su tafi, ɗaya ya ja shi gefe ya ce, "Allah ya jiƙan Inna. Af, tayoyin nan ba su taɓu ba ko? In ba za ka yi amfani da su ba, ina so."

Waɗannan su ne mutanen da ya saɓa wa mahaifinsa dominsu.

Bayan addu'ar bakwai, Kokom ta haɗa kayanta za ta koma gidan mijinta. Ya biyo ta har ƙofa, ya ce, "Yaya, Inna ta yi magana a hanya? Ta ambace ni?"

Ta ce, "Ta ambace ka. Cewa ta yi in faɗa maka kada ka damu, motar za ta gyaru."

Ta hau babur ɗinta ta tafi. Yau shekara huɗu ba ta sake taka gidan ba. Ya bar aikin ofis. Ba ya iya haye gadar nan da ƙafarsa, sai ya zagaya ta cikin gonaki ya ratsa ruwa.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai sha giya ba. An ba shi amana ne ya yanka ta da hannunsa, don wasu baƙi su tafa masa ranar Lahadi. An yi masa nasiha ya raina mai nasihar. Har a ranar ƙarshe an miƙa masa mafita, girman kai ya hana shi karɓa. Ajali na Allah ne, gaskiya ne. Amma za a tambaye shi abin da ya yi da abin da aka bar masa.

Kowannenmu yana da wani abin da yake lulluɓewa da bargo. Mu duba da kyau, wa yake tsaye a cikin ruwa saboda shi?

Allah ya jiƙan Inna Onah, ya karɓi tuban ɗanta. Allah ya kiyaye mu da cin amana da son yabon mutane. Amin.