Yatsun da Suka Jiƙa Shekara Goma Sha Ɗaya

"Ni da jita, ko daga barci aka tashe ni, sai ta durƙusa ta gaishe ni." Da wannan maganar muke karya kumallo kullum daga bakin wani abokin aikina da muke kira Sarkin Tsirkiya. Shi ya naɗa kansa, mu kuma muka yi mubaya'a don mu samu abin tsokana.

A ƙasar da neman abinci ya kai mu, aikinmu wanke-wanke ne a kicin ɗin wani babban otal, can ƙarƙashin gini inda ko taga babu. Ni ina kankare tukwane, shi yana bakin bahon ruwan zafi. Shekara goma sha ɗaya hannunsa na cikin kumfa, har tafinsa ya yi laushi kamar na jariri. Ba ƙarya yake yi gaba ɗaya ba. Ya yi kiɗa kafin ya baro gida, matarsa ma ta ce kiɗan ne ya sace ta. Sai dai jitar tana saman kwaba cikin jakarta, an ɗora mata akwati da barguna biyu.

Akwai wani dattijo mai ganga da ke da ƙungiyar makaɗa, suna wasa duk ƙarshen mako. Mai jitarsu ya ƙaura. Ni kuwa, da yake bakina ba ya azumi, na ce wa dattijon ga gwani can yana ruɓewa a kicin. Wallahi dariya kawai nake nema.

Dattijon ya zo har ƙofar baya ya same shi.

"Ɗana, nan da mako shida muna da wasa ranar Lahadi da la'asar a zauren taro na unguwa. Ka yi waƙa uku da mu. In ka yi, gurbin naka ne. Muna gwaji duk Laraba da Asabar."

"Gwaji? Haba Baba, ka taɓa ganin kifi yana koyon iyo?"

Washegari ya cire rigar aiki ya rataya wa manaja a kujera, ya ce masa nan gaba in yana son ganinsa sai ya yanki tikiti. Manajan bai ko ɗago ba, ya ce akwai mutum goma da ke jiran bahon nan. Kafin azahar an ba wani.

Matarsa ta yi magiya har ta gaji. "Baban yara, ko rabin awa ne a rana ka riƙa taɓa jitar nan. Aikin kiɗan nan kaɗai ya rage mana."

"Ke dai ki goge min farar rigata."

Mako biyar ya cinye su a kan kujera yana zaɓen sunan da za a rubuta masa a allon talla. Sai ranar Juma'ar ƙarshe ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. Da na je gidansa, na tarar ya sauko da jitar. Minti goma kacal ya danna wayoyin, yatsunsa huɗu na hagu sun yi bororo, biyu sun fashe. Kantar da makaɗi ke taƙama da ita, ruwan zafi ya cinye tun tuni.

"Yallaɓai Sarki, ka je ka gaya wa Baba gaskiya, ya ƙara maka wata guda."

"In ce masa me? Cewa cokula sun gama da ni? Mutumina, nemo wata dabara."

Cikin raha na ce na taɓa jin wasu makaɗa kan shafa gam mai kamawa nan take a kan yatsa, ɗan kaɗan, su bari ya bushe ya zama kamar kanta. Idonsa ya yi haske. Ya ce kada in gaya wa kowa. Ni kuwa na ce a raina, Lahadi ta yi nisa.

Zauren ya cika. Duk 'yan kicin mun zo, har manaja yana tsaye a baya da hannu a aljihu. Matarsa da yara uku suna layin gaba. A gida bai shafa gam ɗin ba, don kada matar ta gani. Sai da ya shiga banɗakin zauren ya ɓalle murfin, daidai lokacin lasifika ta kira sunansa. Ya matsa rabin kwalbar a yatsunsa, ya hura sau biyu, ya fito da gudu.

Duk da haka sai da ya tsaya gaban makirufo. "Jama'a, masu hawan jini su riƙe kujera!"

Ya damƙe wuyan jitar, ya sauke hannun dama. Gaskiya sautin farko ya yi daɗi, har matarsa ta dafe ƙirji. Ganga ta shiga, mai waƙa ya ɗauka. Aka zo inda za a juya kiɗa, kowa ya juya, Sarki yana nan inda yake. Waƙa ta hau, yana nan. Waƙa ta sauko, yana nan. Sauti ɗaya, ƙwan, ƙwan, ƙwan, kamar ana buga ƙofar gidan kurma. Gumi ya jiƙa farar rigar.

Dattijo ya ɗaga sanda, kiɗa ya tsaya.

"Ɗana, sauya hannu mana."

"Salo ne, Baba. Sabon salo."

"To ajiye jitar ka sha ruwa."

Ya cire maɗaurin daga kafaɗa, ya buɗe hannu zai ajiye. Jita ta ƙi ajiyuwa. Ya ɗaga hannun, ta biyo shi sama tana lilo. Ya girgiza, ta girgiza. Wani daga cikin 'yan kicin ya ɗaga murya: "Allah ya ja zamanin Sarki, sarauta ta kama ka!" Zaure ya fashe. Wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Ni kaina sai da na zamo daga kujera.

Da dariyar ta ishe shi, sai ya taka gindin jitar da ƙafa ya fizge da ƙarfi. Hannun ya fito, fatar yatsu huɗu ta tsaya a jikin wayoyin. Ya kurma ihu a makirufo, jini na ɗiga a farar rigar. Kwalbar gam ta faɗo daga aljihunsa ta gangara har gaban dattijo.

Dattijo ya ɗauka, ya juya ta, ya ɗaga wa jama'a su gani.

"Ashe nan ka je gwajin."

Matarsa ta miƙe, ta tattara yaranta, suka bi ta tsakiyar mutane ba ta waiwaya ba. Manaja ya riƙe mata ƙofa. Sarki ya tsaya shi kaɗai a dandamali riƙe da hannu, yana neman wanda zai haɗa ido da shi, bai samu ba.

Darasi a nan, 'yan uwa: baiwa ba kayan ajiya ba ce da za ka ɗora a saman kwaba ka dawo ka tarar yadda ka bari. Abin da hannu ya daina yi, baki ba ya yi masa. In ka daɗe rabonka da sana'a, koma ka zauna a layin masu koyo, gara ka ji kunya a gaban mutum biyar ranar Laraba da ka ji ta a gaban duniya ranar Lahadi. Kada ka saki reshen da ke hannunka don ganyen da ka hango. Kuma in za ka nemi shawara, kada ka nema a wurin wanda ya riga ya kama kujerar kallo, irina.