Manomin da Agwagi Suka Ƙi Sauka a Tafkinsa

Akwai wani manomi a kwarin kogi, yana da gona a fadama, a bakin wani tafki. Da damina yana shuka shinkafa, da rani kuma yana lambun albasa da ruwan tafkin. Da wannan lambu yake ciyar da iyalinsa har wata damina.

Kowace shekara, in ruwan sama ya fara ɗaukewa, agwagin daji sukan zo daga arewa garke-garke, su sauka a tafkin. Mutumin nan kuwa ba ya ƙaunarsu ko kaɗan, domin suna taɓa masa shinkafa. Yini yake yi yana buga gwangwani yana ihu, su tashi, ya juya baya su dawo.

Wata shekara agwagin suka zo da wuri. Suka kewaya bisa tafkin, suka sake kewayawa, suka wuce ƙetaren kogi ba su sauka ba. Manomi ya koma gida yana washe baki, ya ce wa matarsa, "Bana na huta, ɓarayin nan sun yi gaba."

Matar ta ce, "Maigida, ni dai ban yi murna ba. Jiya na je wanki, na ji ruwan yana wari. Ka je ka duba mashigin ruwan."

Ya ce tafki cike yake, me za a duba? Amma maganar ta tsaya masa a rai. Da safe ya bi hanyar da ruwan kogi yake shiga tafkin, sai ya tarar ciyawar ruwa da ake kira kacalla ta toshe ta gaba ɗaya. Abin da yake gani a tafki sauran ruwan sama ne kawai, marar zurfi, ga kogi kuma ya soma janyewa. Tsoro ya kama shi, gama ya san in kogi ya sauka, tafkin zai ƙafe tun albasa ba ta yi kai ba.

Ya kira gayya. Maƙwabta suka zo da lauje da adda, suka shiga ruwa har ƙugu, suka sare ciyawar, ruwan kogi ya shiga da ƙarfi. Ba a daɗe ba agwagi suka dawo, suka kuma ci shinkafa kamar yadda suka saba. Manomin ya tsaya yana kallonsu, ya ce, "Ku ci. Na gode wa Allah da kuka ƙi sauka."

Ma'anar wannan misali ita ce, tafkin nan zuciyar mutum ce, kogin kuwa alherin Allah ne. Mashigi shi ne addu'a da jin Maganarsa, kacalla kuma ƙananan zunubai ne da muke bari su yi girma. Agwagin su ne masu damunmu da gaskiya: lamirinmu, da iyayenmu, da dattawan ikilisiya. Ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. 'Yan'uwa, ranar da kuka ji zuciya ta daina tsawata muku, kada ku ce kun huta, ku je ku duba mashigi tun kogi bai janye ba. Wanda kuwa har yanzu yake da mai ce masa "ka yi kuskure", bari ya gode wa Ubangiji yau, gama ruwa yana shiga tafkinsa.