Ɗakin da Rakiya za ta kwana

Ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa yanzu, don in na fara ba na tsayawa. Kun san ni da sauro tsohuwar gaba ce. Akwai wanda ya taɓa cizona a fadamar Tungar Gwaza, bai kai ga tashi ba zazzaɓi ya kama shi, 'yan uwansa suka ɗauke shi ranga-ranga. Saboda haka in ana maganar zazzaɓin cizon sauro, ku yi shiru, malaminsa ne a gabanku, ko da yake allona bai wuce Tabbat yada ba.

A Tungar Gwaza ɗin nan akwai wata mata, Ladidi, matar Ɗanjuma mai noman shinkafa. 'Yarta ta fari sunanta Rakiya. To, kun san kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye yarinyar aka kai ta ɗakin kakarta, Iya Kande, uwar Ɗanjuma. Ladidi ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "'yar nan". Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yi mata kitso, in yarinyar ta faɗi ta fasa gwiwa sai Ladidi ta dubi tukunya kamar miya ce ta ji ciwo. Amma duk naman da ya fi taushi, a kwanon ɗakin Iya Kande yake faɗawa, kuma kowa a gidan ya yi kamar bai gani ba.

Da damina ta yi tsakiya, shinkafa ta fara ciki, sai Rakiya ta kwanta. Yau jiki zafi, gobe ta tashi ta yi wasa, jibi ya dawo ya kayar da ita. Ladidi tana daka tana kasa kunne ta katanga. Ran nan da hantsi sai ta ji Iya Kande ta yi salati. Yarinyar ta sanƙare, ido ya juye, haƙora sun datse.

Nan da nan gida ya cika. Wannan ta ce iska ce, waccan ta kawo garwashi da turare, aka fara neman wanda zai kira mai magani. Iya Kande ta matsa kusa da gadon. Ita ke wanke yarinyar nan kullum, ta san launin tafin hannunta kamar yadda ta san nata. Ta buɗe hannun, ta ga fari fat. Ta ja fatar ido, ta ga babu ɗigon ja. Sai ta ture kaskon turaren da ƙafa, ta ce iska ba ta shan jini. Ta saɓa yarinyar a baya, tsohuwar da ko masallacin Idi sai da sanda, ta faɗa fadama, ruwa iya ƙugu, ta hana kowa ya karɓe ta har bakin titi. Ladidi na biye can baya da ƙullin kaya, kamar 'yar rakiyar baƙi.

A asibitin gari akwai Barira, ƙanwar Ɗanjuma, goggon yarinyar ke nan, ita ke aikin gwajin jini. Ta huda yatsan Rakiya, ta shafa jinin a ɗan gilashi, ta sa a madubin nan nasu mai mayar da ƙuma ta zama raƙumi. Ta duba, ta duba, ba ta ga komai ba. Likita ya fara tunanin ko sanƙarau ne.

To, a nan zan gaya muku abin da Barira ta sani, wanda ni ma na sani, don ni ba na bukatar madubi, kafin yanar ido ta taɓa ni da ido tsirara nake ganin ƙwayoyin cuta.

Ita ƙwayar cutar nan, in sauro ya zuba ta, ba ta tsayawa gaisuwa. Hanta take wucewa, ta yi laƙwas kamar baƙuwar kirki, ta hayayyafa, mai gida bai san an sauka ba. Sai ranar da 'ya'yan suka fito cikin jini. Shi kuwa jini, abin da ke sa shi ja wasu 'yan ƙwayoyi ne masu kamar waina, da ɗan loɓa a tsakiya. Ƙwayar cuta ta zo ta goga jikinta da waina ɗaya, ta maƙale kamar ƙarangiya a gefen wando. Daga nan sai ta mirgina a hankali har ta sa ɗan tsinin bakinta daidai fatar wainar, ta damƙe, ta fara kutsawa. Ba fasa ƙofa take yi ba, a'a, wannan ɓarauniya mai tarbiyya ce. Turawa take, fatar na loɓawa tana lulluɓe ta kamar amarya, har ta shige, ta ja ƙofa ta rufe. Dakarun jiki su zo wucewa, su ga gida lafiya lau, su ƙara gaba. Ita kuwa tana ciki tana cin jan, tana haihuwa, sai ɗaki ya cika ya fashe, yaran su watsu kowa ya nemi tasa wainar. Fashewar nan ita ce sanyin da ke sa ku kaɗa haƙora.

Amma babbar muguntar tana gaba. Akwai saifa, ita ce mai gadin da ke tace jini tana kama duk wainar da ta lalace. Don kada a kai ta can, sai ƙwayar ta sa bayan wainar ya yi ƙuraje masu danƙo, ta liƙe a bangon ƙananan jijiyoyi, har na cikin ƙwaƙwalwa. Hanya ta toshe, yaro ya sanƙare. Kuma wadda ta liƙe a bango, ai ba lallai ka same ta a ɗigon jinin yatsa ba.

Abin da ya hana Barira wanke hannu ke nan. Ta ƙi cin abinci, ta zauna gefen gadon, da ta ji jikin ya sake ɗaukar wuta ta sake huda yatsan. Ta duƙufa kan madubin har idonta ya yi ruwa, sai ga su nan, 'yan mitsi-mitsi kamar zobe, kowace a cikin wainarta. Ta ruga ta kira likita, ya leƙa, aka sa allurar da ta dace tun kafin la'asar.

Allura na kashe ɓarawo, amma ba ta mayar da abin da ya ci. Likita ya ce jinin yarinyar ya ƙare, in ba a ƙara mata ba, ba za ta kai ba. Aka gwada Ɗanjuma, ƙato guda, da ganin allura ya zube, aka koma yi masa fifita, kuma bayan duk wannan wahala nasa bai dace ba. Na Barira bai dace ba. Iya Kande ta miƙa hannu, aka ce ta tsufa. Ni ma ina wurin, na je ganin haƙori, na ce a ɗibi nawa. Suka ce ya yi ƙarfi, in aka sa wa yarinya gemu zai fito mata.

Sai nas ta leƙo baranda, inda dangi suke jere, maza da mata, ta ce ina uwar yarinyar.

Ladidi na can ƙarshen benci, kai a sunkuye. Shekarun Rakiya duka ba ta taɓa amsa wannan kira ba. Ga surukarta, ga ƙannen mijinta, ga dattawan unguwa.  Wata ta fara nuna Iya Kande, yadda aka saba. Sai aka ji murya ƙasa-ƙasa.

"Ni ce uwarta. Ku ɗiba, ko duka ne."

Nata ya dace. Aka rataya ledar, Ladidi ta zauna nesa da gadon ta juya fuska wajen taga, wai tana kallon masu sayar da lemo. A gilashin tagar take kallon jinin yana sauka ɗis, ɗis, yana shiga hannun 'yar nan. Washegari leɓen yarinyar ya fara ja. Da ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa, Iya Kande ta yi sujada a kan siminti, Barira ta fita waje ta yi kukanta, Ladidi kuwa ta tashi wai za ta nemo ruwan zafi, ta manta butar a ƙarƙashin benci.

Ranar sallama likita ya ce yarinyar na bukatar hannu ɗaya da zai kula da ita, abinci mai kyau da gidan sauro, har ta murmure. Nan fa aka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofar asibiti. Iya Kande ta riga ta kwance gyale za ta goya, ta ce ita ta rena, ita ta gane, ita ta ratsa ruwa, da an biye wa masu turare da yanzu ana zaman makoki. Barira ta riga ta tsayar da mai keke, ta ce ɗakinta na da raga a taga, ga asibiti kusa, kuma da ba ta sake dubawa ba da an yi ta maganin cutar da babu. Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma ba wadda ta ɗaga murya, don kowace ta san abin da ɗayar ta yi.

 Ladidi kuwa kunyarta ta dawo mata. Tana tsaye gefe, ta rungume 'yan takalman yarinyar a ƙirji, ba ta miƙa wa kowa ba.

Ɗanjuma ya dube ni, wai in raba. Ni da na raba rigimar kura da zaki a dajin Rugu, ranar nan sai na ce haƙorina ya motsa.

To, ga ku nan, masu baki. Tsakanin kakar da ta gane ta goyo, da goggon da ta tono ɓarawon a maɓoyarsa, da uwar da ta ba da jini kuma ba za ta iya buɗe baki ta roƙa ba, a ɗakin wa Rakiya za ta kwana?