Mutumin da Ya Naɗe Mikin Itacen Tuffa

Akwai wani mutum wanda yake da itacen tuffa a gonarsa ta kan dutse. Mahaifinsa ne ya dasa shi, don haka yana ƙaunarsa ƙwarai. Wata shekara babban reshen ya kamu da ciwo. Sai ya kira maƙwabcinsa, wani tsoho mai aikin lambu.

Tsohon ya sa zarto ya yanke reshen, ya bar miki mai faɗin tafin hannu biyu. Ya ce, "Ɗana, kada ka rufe shi. Bari iska ta busar da shi, ɓawo zai taso daga gefe ya haɗe."

Mutumin ya yi godiya da baki, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ce a ransa, "Wa yake barin miki a buɗe? Tsohon nan shi ma tuffa yake kaiwa kasuwa. In nawa ya mutu, wa zai ji daɗi?" Sai ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe wurin, ya naɗe da tsumma da leda. Ya kuma rage gaishe da tsohon.

Da damina ta yi nisa, ganyen suka fara zuba. Mutumin ya je ƙofar tsohon ya ce, "Baba, me ka shafa wa zartonka ranar nan?"

Tsohon ya bi shi gona, ya kwance ledar. Ruwa mai wari ya zubo, tsutsotsi suna motsi a ciki. Ya ce, "Ban bar shi haka ba." Ya zaro wuƙa ya yi ta kankarewa har ya kai ga farin itace, amma ruɓar ta riga ta ci rabinsa. Wancan gefen bai ƙara yin 'ya'ya ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, itacen nan ranmu ne. Ubangiji yakan aiko wani ya yanke mana abin da yake kashe mu, ko fasto, ko uwa, ko aboki. Yankan yana da zafi, sai mu fara zargin mai yankan, mu ɓoye mikin kada kowa ya gani. A ɓoyen ne yake ruɓewa. 'Yan'uwa, in akwai wanda kuka daina gaisarwa domin ya faɗa muku gaskiya, ku je wurinsa tun sauran rabin yana da rai.