Kakakin da ke Goge Tabarau

An yi wani mutum, shi ne kakakin farko na majalisar jiharsu. Ranar da ya hau kujera ko fentin zauren bai gama bushewa ba. Ya fara da kirki. Shi ya koya wa 'yan majalisa ƙa'idar zama: ba mai buɗe baki sai kakaki ya dube shi ya ce, "Na gan ka."

Cikinsu akwai wani tsohon hedimasta, wakilin ƙauyukan da ke ƙasan madatsar ruwa. Ranar zaɓen kakaki wani daban ya zaɓa, kuma bai ɓoye ba. Kakaki ya ƙullace shi.

Da damina ta kankama, Hedimasta ya ga bangon madatsar ya tsage, gyara kuwa sai da yardar majalisa. Ya miƙe ya ɗaga hannu. Kakaki ya zare tabarau, ya hura masa iska, ya shiga gogewa da bakin riga har tsohon ya gaji ya zauna. Washegari ma haka. Abin ya zama raha, na kusa da shi kan ja rigarsa ya ce, "Malam, zauna, yau ma gilashin ya yi ƙura."

Tsohon ya tare shi a matakala. "Ranka ya daɗe, ruwa fa ya fara tsattsafowa. Ka tsane ni, na ji, amma bar ni in faɗa. Yayarka ma can take."

"Sai a zaure, Malam. Ƙa'ida ce."

Wace ƙa'ida, ya 'yan uwa? Wa ya kafa ta?

Bangon ya ɓalle da rana tsaka, mata na tsakar gida. Yayar kakaki, wadda ta goya shi, da zanenta aka gane ta.

Majalisa ta zauna don tsige shi, mataimakinsa bisa kujera. Mutumin nan ya miƙe daga cikin 'yan majalisa, ya ɗaga hannu. "A gan ni mana. In yi bayani."

Mataimakin ba ya sa tabarau. Rufin zauren kawai ya zuba wa ido. Duk ɗakin nan mutum ɗaya ne ya dube shi, Hedimasta, shi kuwa ba shi da ikon cewa komai.

Ya 'yan uwa, gaba da girman kai suka kai shi nan. Bai yi sata ba, bai ɗaga wa kowa murya ba. Kau da kai kawai ya yi. Kai fa, wa ka daina gani a ofis ko a gida don ya taɓa saɓa maka? Ka tabbata ba ceton ranka ya kawo maka ba?

Allah ya kiyaye mu da ƙullatar bayinsa, kada ya kau da kai daga gare mu ranar da za mu ɗaga hannu. Amin.